Fuskar Alfari a Bayan Tallar Taya

A Gaya, in ka ce Halidu kawai, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Halidu Mai Tele, ko ɗan kabu-kabun da ya shigo garin jiya zai sauke ka a ƙofar shagonsa, a layin da ke bayan tashar manyan motoci, inda faranten kamo tashoshi suke zaune bisa rufin kwano suna kallon sama.

Haifaffen garin ne. Mahaifinsa ɗan kamasho ne a tasha, mahaifiyarsa tana fataucin albasa tsakanin Gaya da Malanbil, garin da ke ƙetaren gadar kogi. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, jarrabawa ta ƙi shi, aka kai shi ƙetaren gada wurin wani mai gyaran rediyo. Can ya koyi buɗe bayan akwati ba tare da tsoro ba. Daga rediyo ya koma tele, daga tele ya koma bidiyo, har kamera ta shigo hannunsa. Tun daga nan babu suna, ko ɗaurin aure, ko saukar karatu, ko tarbar alhaji da za a yi a unguwannin kasuwa ba a gan shi da ita a kafaɗa ba. Daga baya ya ja waya daga shagonsa zuwa gidajen mutane, bisa katanga da rassan dogon yaro, yana raba musu tashoshin waje. A cikin tashoshin ya ware guda ɗaya tasa, wadda yake nuna abin da ya ɗauko a gari. Bai sa mata suna ba, mutane suka sa mata Tele Halidu.

Mutum ne mai tsabta da tsari. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, kuma bai taɓa barin kamera ta kwana da ƙura ba. Matarsa Ajuma takan ce da ita ake gogewa yadda ake goge wannan kamera, da yanzu tana ƙyalli.

Abin da ya riƙe tashar shi ne talla. A saman hoto, ta hannun dama, akwai tambarinsa, wani ƙaton harafi ruwan ɗorawa da tauraro yana kewaya shi. A ƙasa kuma akwai abin da yake kira bandi, wato jan layi mai faɗi da ke kwance daga gefe zuwa gefe, rubutu yana gudu a cikinsa. Da farko siriri ne. Wanda ya sa ya yi ƙiba shi ne Alhaji Kabo, mai manyan motoci da shagon taya a bakin tasha, wanda ya fi kowa ba shi talla.

"Ni fa ba na son zaren ɗinki," in ji Alhaji Kabo. "Ka yi shi ja, ka yi shi da faɗi, yadda ko mai gyangyaɗi zai gan shi."

Halidu ya yi. Mutane suka yi ta ƙorafi, amma cikin raha. Akwai ranar da ya nuna kokowar da aka yi a filin gari, aka zo daidai wurin da gwiwar ɗan kokowa ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba, sai ga shi ƙafafun duka suna bayan bandi. Aka kwana biyu ana gardama a tasha.

"Halidu, wa ya faɗi?" wani direba ya tambaye shi.

"Ba ka kalla ba?"

"Na kalla. Ni dai taya na ga ta yi nasara."

Halidu ya yi dariya tare da su. A ganinsa ƙasan hoto wurin ƙafafu ne da ƙura, ba a rasa komai a can.

A shekarar 2010, wadda sojoji suka karɓi mulki a Yamai tun farkonta, damina ta zo da ƙarfi. Kogin Kwara ya cika ya haura gonakin shinkafa, ya shiga tungayen masunta da ke gefen Tanda. A ɗaya daga cikinsu akwai wani tsohon masunci, Alfari, mutumin Dandi, wanda Hausarsa ta kasuwa ce. Ranar da ruwa ya shigo musu, shi ne ya wuni yana jigilar mata da yara da awaki a jirginsa zuwa tudu. Kafin ya waiwayi nasa ɗakin, ruwa ya tafi da shi, har da akwatin ƙarfen da ke ɗauke da katinsa na ɗan ƙasa da 'yan tufafinsu.

Bayan ruwa ya ɗan ja, shugaban yanki, wanda a lokacin wani kaftin ne na soja, ya je raba hatsi da tabarmi. Aka ɗauki Halidu a bayan mota don ya ɗauko hoto. Kafin a fara, wani sarjan ya ja shi gefe.

"Kai, mai tele. Kada ka kuskura ka yanke wa Kaftin hula. Ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Da aka gama jawabi, mai gari ya ce a kira mutumin da ya kwashe jama'a. Alfari ya fito, ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa a gaban Kaftin, kamar yadda ya saba yi a gaban kowane mai mulki tun yana saurayi. Kaftin ya ce, "Tashi, Baba." Ya ce, "A'a, nan ya yi." A durƙushen ya yi maganarsa. Bai ambaci ɗakinsa ba. Ya ce sun gode da hatsi, amma hatsi zai ƙare, in da hali a taimaka musu da taru da ƙugiya, ruwan da ya cinye musu gida shi zai ciyar da su.

Halidu yana tsaye, kamera a kafaɗa, ya daidaita ta a kan Kaftin daga hula zuwa gwiwa. Tsohon ya samu ɗan wurin da ya rage a ƙasa.

Washegari da hantsi ya zauna gaban ordinatarsa, wato kwamfuta, yana yanka hoto yana haɗawa. Ya ɗora tambari, ya ɗora bandi. Da aka zo wurin Alfari, sai jan layin ya hau fuskarsa ya zauna daram. Ana ganin saman hularsa, ana ganin hannuwansa in ya ɗaga su, ana jin muryarsa, amma daga goshi zuwa haɓa taya ce sabuwa da ta hannu. Halidu ya gani. Wannan shi ne abin da bai taɓa iya musanta wa kansa ba, ya gani da idonsa. Danna abu ɗaya zai yi ya ɗauke bandin daga wannan wuri. Har ya kai hannu, sai ya tuna Alhaji Kabo ya ce duk inda Kaftin ya fito tallarsa ta fito, don lokacin ne kowa yake zuba ido. Ya janye hannun. Ya sauke aikin a faifai da bandin manne a jikinsa, ya goge na cikin ordinatar don cikinta ƙarami ne, ya jefa kaset ɗin asali cikin kwandon da yake tara waɗanda zai sake amfani da su.

Ran kasuwa da la'asar ya maimaita shirin a telen da yake ajiyewa a ƙofar shago. Cikin masu kallo har da Alfari kansa, ya kawo kifi kasuwa aka ce masa ya zo ya ga kansa. Da wurin ya zo, direbobi suka fashe da dariya.

"Baba Alfari, ashe ka bar su ka koma sayar da taya!"

"Baba, nawa ta baya?"

Tsohon ya yi dariya har haƙoransa biyun da suka rage suka fito. Ya juya wajen Halidu.

"Mai tele, hulata ta fito da kyau."

Kunya ta kama Halidu. "Baba, ka yi haƙuri, zan gyara. Asalin yana nan cikin kaset. Zan fitar maka da naka faifai, babu rubutu ko ɗaya."

"To madalla. Tsohuwata tana so ta gani."

Da gaske Halidu yake lokacin da ya faɗa. Amma salla ta zo da aikinta, bukukuwan kaka suka biyo baya, waya ta tsinke a unguwa biyu. Kullum in idonsa ya faɗa kan kwandon sai ya ce gobe. Da alhazai suka fara dawowa, Alhaji Kabo yana cikinsu, aka aiko a ce ya zo da sauri motar ta kusa shigowa gari. Sabon kaset ya ƙare masa, sai an je Kamba ko Malanbil. Ya sa hannu cikin kwando ya ɗauki na sama, ya fita da gudu.

Sanyi yana ƙarewa wata tsohuwa ta yi sallama a shagon. Siririya ce, baƙa, da tiren bandar kifi a ka. Ta sauke tiren a bakin ƙofa, ta gaishe shi da fofo irin na mutanen bakin kogi, sannan ta koma Hausa.

"Kai ne mai tele?"

"Ni ne, Inna. Shigo."

"Ni Bibata, matar Alfari na tunga. Wanda ya yi magana da soja."

"Ah, Baba Alfari! Yana lafiya? Kwana biyu ban gan shi kasuwa ba."

"Ya rasu. Tun bayan ruwa ƙirji ya kama shi. Shekaranjiya na fita takaba."

Halidu ya yi salati, ya yi mata ta'aziyya, bakinsa yana faɗin abin da ake faɗi, zuciyarsa kuwa ta riga ta tafi kwandon.

"Ya ce mini ya fito cikin tele, duk Gaya ta gan shi," in ji ta. "Ya ce ka ajiye masa nasa. Ba mu da hotonsa, ɗana. Guda ɗaya ne, na jikin kati, ruwa ya tafi da shi. Ina cikin ɗaki duk watannin nan ina neman fuskarsa a kaina, wata rana ta zo, wata rana ba ta zuwa. Na ce in na fita, nan zan fara zuwa."

Ashe tsohon bai gaya mata maganar taya ba. Halidu ya dubi ƙasa ya ce injin yana da 'yar matsala, ta dawo kasuwa mai zuwa. Ta ce babu komai. Ta zaɓi kifi mai kyau ta ajiye masa a kan tebur, ta ɗauki tirenta.

Tana fita ya zazzage kwandon. Ya bi kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga wanda yake tsoro. Ya sa shi. Ga Alhaji Kabo yana saukowa daga mota da farar alkyabba, ga 'yan tarba, ga rabon dabino da zamzam. Ya bar shi yana tafiya, yana fatan tarbar ta ƙare kafin ta kai wurin tsohon. Ba ta ƙare ba sai can kusa da wutsiya. Abin da ya rage na tsohon ɗauka shi ne ruwa kwance, da kawunan gero suna leƙowa daga cikinsa. Babu mutum ko ɗaya.

Ya koma kan tsofaffin faya-fayansa. Ya duba na kasuwar kifi, na wasan jirage, na duk wani taro da mutanen Tanda za su iya zuwa, yana tsayar da hoto yana bin fuskokin da ke gefe. Alfari ba mai shiga gaban kamera ba ne. Ya tambayi sarjan ko wani ya ɗauki hoto da waya ranar, aka ce an ɗauka, amma na Kaftin.

Kasuwa ta zagayo, Bibata ta dawo. Ya ce wuta ce ta lalata masa wani abu, an aika Yamai a sayo. Ta ajiye kifi ta tafi. Da ta sake zuwa ya hango ta daga nesa, ya sulale ta ƙofar baya ya bar shagon a buɗe. Ya dawo ya tarar da kifi a kan tebur.

Ajuma ce ta tare shi a gida, tana riƙe da kifin.

"Malam, wannan na uku ke nan. Kai ba ka ci, ka hana a sa a miya. Na mene ne?"

Ya gaya mata. Ta ajiye kifin.

"Daga Tanda take zuwa fa. Da ƙafafun nan nata."

"Na sani."

"To in ka sani, ka nuna mata abin da ke akwai. Ko so kake ita ma ta mutu tana jiran gyaran inji?"

Ranar kasuwa ta gaba bai gudu ba. Ya shigo da ita ciki, ya ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a tabarma. Ya sauko da telen daga kan tebur ya ajiye a kan benci daidai idonta, ya sa faifan. Ta ga ruwa, ta ga tudun da suka zauna, ta ga maƙwabtanta a layin hatsi tana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya. Sai muryar ta fito: "A'a, nan ya yi."

Ta dafe ƙirji. Ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin.

"Shi ne. Ga hularsa. Ɗana, ɗage wannan jan zanen."

Halidu bai motsa ba. Ta ɗauka bai ji ba, ta kama gefen mayafinta ta shiga goge gilashin a hankali, daidai wurin fuskar. Rubutun ya ci gaba da gudu ƙarƙashin hannunta. Ta sa farce ta gwada ɓamɓare gefensa.

"Inna, ba ya ɗaguwa."

"Ka kira wanda ya sa shi ya cire."

"Ni na sa shi. Akwai wanda babu zanen, na yi wa Baba alkawarinsa. Na ɗora wani abu a kai. Ya tafi. Inji bai taɓa lalacewa ba, ƙarya na yi miki."

A cikin tele Alfari yana ɗaga hannu yana maganar taru da ƙugiya. Ta bi hannun da ido.

"Ka ga ɗan yatsan nan da ya lanƙwashe? Giwan ruwa ne ya ja igiya da shi, shekarar da muka yi aure." Ta nuna jan layin. "Wannan rubutun da ke bakinsa, me ya ce?"

Halidu ya so ƙasa ta buɗe. Ya karanta mata: "Taya sabuwa da ta hannu, a nemi Alhaji Kabo, bakin tasha."

"Taya," in ji ta. "Shi da ko keke bai taɓa yi ba."

Ta ce ya maimaita. Ya maimaita. A karo na uku ne ya lura da abin da bai taɓa lura da shi ba. Daidai lokacin da tsohon ya gama magana ya yunƙura zai tashi, kafin wurin da Halidu ya yanke hoton ya koma kan Kaftin, kansa ya ɗan ɗago sama da jan layin, ƙiftawar ido ɗaya. Ya mayar baya, ya bi a hankali, ya wuce, ya sake komawa, har ya tsayar da shi a wurin. Goshi ne da idanu biyu, a ɗan dishe, suna kallon sama. Hanci da baki da gemu suna bayan talla.

Bibata ta daɗe tana kallo. Sannan ta kwance wani tsohon ƙyalle mai ruwan toka da ta ɗaura a ƙugu, ta miƙe shi a kan gilashin, ta rufe jan layin daga gefe zuwa gefe.

"Riƙe mini can."

Ya riƙe gefe ɗaya, ta riƙe ɗaya.

"Haka yake naɗe bakinsa in zai shiga ruwa da sanyin safe," in ji ta. "Da wannan ƙyallen. Ido kawai ake gani."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Da hannunta ya gaji ta naɗe ƙyallen, ta ce rana ta yi, kifi yana jiran masu saye. Ya miƙa mata faifan, ta ce me za ta yi da shi a tungar da ba wuta, ya ajiye a wurinsa za ta riƙa zuwa.

Halidu bai daina talla ba, da ita yake ci da iyalinsa. Ya rage faɗin bandin, Alhaji Kabo ya yi fushi ya janye tasa, bayan wata biyu ya dawo da ita don babu wata tashar a unguwar. Abin da ya sauya sosai shi ne tsayuwarsa. Duk taron da ya je, in mutum ya durƙusa zai yi magana, Halidu ma sai ya durƙusa da kamerarsa, ko da kan babban baƙo zai fita daga hoto. An taɓa kiransa ofis a kan haka, ya ba da haƙuri, ya sake yi. Direbobin tasha suna ce masa ya tsufa gwiwa ta fara neman ƙasa. Kwandon kaset kuwa ya zama kwali-kwali har ƙarƙashin gado, Ajuma tana mita, shi ba ya ɗora komai a kan komai.

Bibata ta ci gaba da zuwa, ba kowace kasuwa ba, sai in ƙafa ta bari. Yana ganinta zai kashe abin da ake kallo, ya sauko da tele kan benci, ya nemo wurin, wanda yanzu hannunsa ya san shi ba sai ya lalube ba. Ta kwance ƙyallen, ya riƙe gefensa. Wani lokaci ta yi wa idanun magana da yarensu, ta ba su labarin tunga, wa ya haihu, wa ya sake gini. Halidu yana jin yaren, amma yakan kau da kai kamar ba ya ji.

In za ta tafi takan ajiye kifi ɗaya a kan tebur. Ya roƙe ta ta daina, ta ce ba a shiga shagon mutum hannu sake. Yakan kai wa Ajuma, yanzu ya yarda a sa a miya yara su ci. Shi dai ranar da gayan tuwo yake kwana.